Gahawar gida: abin da ke sa ta ɗaci, da yadda za a gyara

Kukan yawancin masu fara dafa gahawa a gida ɗaya ne: ta yi ɗaci. Daga nan sai a danna mata sukari cokali huɗu, wani ma ya ƙara da madarar gwangwani mai zaƙi. Wannan shi ne abin da ya dame mu, mu ma'aikatan lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a rana ya kai giram 50, wato kusan cokalin shayi 12. Wanda ya sha kofi uku, kowanne da cokali huɗu, ya cinye rabonsa na yini tun bai taɓa lemo ko kunu ba. Alhali mafi yawan ɗacin nan daga hannun mai dafawa yake fitowa, kuma yana gyaruwa.

A fara da ƙwaya. Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Arabika, irin da ake nomawa a wurare masu tudu da sanyi kamar tsaunin Mambila a Taraba, ta fi ƙamshi da sauƙin ɗaci. Robusta ta fi ɗaci, kuma kafeyin da ke cikinta, wato sinadarin da ke sa kuzari da hana barci, ya kusa ninka na Arabika. Mai koyo ya nemi Arabika. Ku sunsuna kafin ku biya kuɗi. In kun ji warin raɓa ko kun ga alamar funfuna, ku bar ta, domin funfunar na iya haifar da gubar da suya ba ta gama kashewa.

In ɗanya kuka saya, ku soya a busasshen kasko, ba mai, a matsakaiciyar wuta, kuna juyawa ba tsayawa. A yi a tsakar gida saboda hayaƙi. Bayan kamar minti 8 zuwa 12 za ku ji ta fara ƙara tas-tas irin ta gugguru. Ku ƙara mata minti ɗaya ko biyu, in ta yi ruwan ƙasa sosai ku sauke, ku baza a faranti, ku fifita ta huce, ku sheƙe ɓawon. Wadda aka bari ta yi baƙi ƙirin tana maiƙo ta ƙone, kuma babu dabarar da za ta fitar da ɗacin gawayi daga cikinta. Wadda ta soyu daidai, a bar ta ta kwana ɗaya ko biyu kafin a fara sha.

Wajen daka ake yawan kuskure. Ku daka iya abin da za ku dafa a lokacin, don gari yana rasa ƙamshinsa da sauri. A ware mata ƙaramin turmi, domin wanda ake dakan yaji da daddawa zai bar mata wari. Kaurin garin ya zama kamar na garin kwaki. In ya yi laushi kamar fulawa, ruwa zai tsotso har abubuwan da ke kawo ɗaci, ya kuma toshe mataci. In ya yi ɓarzo-ɓarzo da yawa, gahawar za ta fito lami da ɗan tsami.

Awon da aka saba shi ne giram 60 na gari ga lita ɗaya ta ruwa. Wanda ba shi da sikeli ya riƙe wannan: ledar fiya wata ɗaya, rabin lita ke nan, tana ɗaukar babban cokali shida a shafe, ta ba da kofi biyu. Ruwan da ke da ɗanɗanon gishiri ko warin sinadarin famfo zai bayyana a cikin kofi, don haka a zaɓi wanda ke da daɗin sha shi kaɗai.

Ku tafasa ruwan, ku sauke, ku jira kamar rabin minti zuwa minti ɗaya. Ku zuba kaɗan a kan garin ya jiƙa; in suyar sabuwa ce zai kumburo yana kumfa. Bayan rabin minti ku zuba sauran, ku motsa sau ɗaya, ku rufe. Minti huɗu ya isa. Sai a tace nan take, kada a bar ruwan zaune a kan tukar, kada kuma a mayar da ita wuta ta yi ta ɓararraka. Masu jabana, wato gahawar gargajiya ta Sudan, suna tafasa tasu da citta, gaskiya ne, amma ai a 'yan mitsi-mitsin kofuna ake shan ta. Mai son citta, kanumfari ko kirfa ya daka kaɗan ya haɗa da garin tun farko. Ƙamshinsu kan rage bukatar sukari.

Ku ɗanɗana kafin ku sa komai. In ta yi ɗaci, gobe a ƙara wa garin kauri ko a rage minti ɗaya. In ta yi tsami ko lami, a ƙara laushi ko lokaci. Abu ɗaya za a riƙa sauyawa a kowane karo, in ba haka ba ba za a gane wanda ya yi aiki ba. Mai fama da yawan kitse a jini ya tace da takardar tace gahawa, don tana riƙe maiƙon da ke ɗaga kolestarol, wato kitsen jini, alhali matacin ƙarfe na barin maiƙon ya wuce.

Kofi ɗaya na ɗauke da kafeyin kusan miligiram 100. Ga babba mai lafiya, iyakar da masana suka ɗora ita ce miligiram 400 a rana, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200. A lissafa har da shayi, da goro, da lemon ƙara kuzari, domin duk suna da shi. Kusan rabin abin da aka sha yana nan a jiki bayan sa'a biyar, saboda haka mai wahalar barci ya tsaya tun azahar. Mai ƙarancin jini ya ba da tazarar aƙalla sa'a ɗaya tsakanin abinci da gahawa, don tana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke gina jini. Mai hawan jini, ko ƙwannafi, ko bugun zuciya ya tuntuɓi asibiti kafin ya mayar da ita abin kullum. Yara kuwa ba a ba su.

Sauran ƙwayar a zuba ta a kwalba mai murfi gam, a ajiye a inuwa nesa da murhu da kayan miya, a yi ƙoƙarin ƙarar da ita cikin wata ɗaya.