Oslo: Abubuwan da Matafiyi Ke Buƙata

Oslo shi ne babban birnin ƙasar Norwe kuma birni mafi yawan jama'a a ƙasar, da mutane sama da 700,000. Yana zaune ne a ƙarshen wani dogon mashigin teku da ake kira Oslofjord, tsaunuka da dazuzzuka sun kewaye shi ta arewa da gabas. Bayan gobarar da ta cinye tsohon garin a shekarar 1624, Sarki Christian na Huɗu ya sake gina shi kusa da ganuwar Akershus, ya raɗa masa suna Christiania, kuma sai a shekarar 1925 aka mayar masa da sunansa na asali. Birnin yana kusa da layin digiri 60 arewa da tsakiyar duniya, kuma wannan nisa zuwa arewa shi ne ke juya kusan komai a tafiyar baƙo: tufafin da zai ɗauka, tsawon yininsa, har da lokutan sallarsa.

Biza da shiga ƙasa

Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ke amfani da biza ɗaya, tun shekarar 2001, saboda haka mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana yana buƙatar bizar Shengen, wadda ke ba shi izinin zama na kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Ana fara cike takardun ne a shafin intanet na hukumar shige da fice ta ƙasar, wato UDI. Dole fasfo ya kasance yana da sauran wata uku aƙalla bayan ranar da mutum zai bar yankin, yana da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba, sannan a haɗa da inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin yuro 30,000. Tun watan Yunin 2024 kuɗin bizar baligi yuro 90 ne. Ana iya miƙa takardu tun wata shida kafin tafiya, kuma wanda ya yi da wuri ya huta da fargaba.

A wurin kwastam akwai ƙa'idar da ta shafi guzurin da Bahaushe ya saba ɗauka. An haramta shigo da nama da madara da duk abin da aka yi da su daga ƙasashen da ke wajen yankin tattalin arzikin Turai, wanda ke nufin kilishi da dambun nama da man shanu ba za su wuce ba, komai kyawun ƙunshinsu. Haka kuma wanda ke ɗauke da tsabar kuɗi da darajarsu ta haura kurona 25,000 na kuɗin Norwe sai ya bayyana su.

Daga filin jirgi zuwa gari

Babban filin jirgin saman yana Gardermoen, kimanin kilomita 50 arewa da birnin, kuma an buɗe shi a matsayin babban filin ƙasar a shekarar 1998. Tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin ginin filin. Jirgin ƙasa mai sauri na Flytoget yana kai wa babbar tashar Oslo S cikin minti 20, na kamfanin Vy kuwa yana ƙara 'yan mintoci kaɗan a kan haka, amma kuɗinsa ya yi kusan rabin na farkon, don haka shi ya fi dacewa da mai lissafin aljihunsa. Tasi tana da tsada ƙwarai. Ya kamata mai sayen tikitin jirgin sama mai arha ya duba da kyau, domin wasu jiragen suna sauka ne a Torp, kusa da garin Sandefjord, fiye da kilomita 100 kudu da Oslo.

Sanyi da haske

A tsakiyar watan Disamba rana tana fitowa ne bayan ƙarfe tara na safe, ta faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe uku na yamma, yinin bai wuce awa shida ba. Ko a cikin waɗannan awanni rana ba ta hawa sama, tana ratsawa ne ƙasa-ƙasa ta kudu kamar hantsi da bai ƙarasa ba. A watan Janairu ma'aunin zafi kan tsaya ƙasa da sifili, wani lokaci ya sauka ƙasa da digiri 10 a ƙarƙashinsa. Sanyin hunturun Kano ko Damagaram, duk da tsananinsa da asuba, ba ya shirya mutum wa irin wannan, domin a Oslo ruwan da ya kwanta a kan hanya yakan daskare ya zama ƙanƙara mai santsi, kuma faɗuwa a kanta tana karya mutane kowace shekara.

Mutanen ƙasar suna sa tufafi ne hawa-hawa: ta ulu mai kama jiki a ciki, rigar sanyi a tsakiya, sannan babbar riga mai tare iska da ruwa a waje, da hula mai rufe kunne, da safar hannu, da takalmi mai kaurin ƙasa. Amfanin wannan tsari shi ne gidaje da shaguna da motoci duk suna da ɗumi, mutum yana shiga sai ya rage na sama. A kantuna ana sayar da wasu ƙananan ƙusoshi a jikin roba, brodder, da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi saboda santsi, da kuma ɗan abin ƙyalli da ake rataya wa a riga don direbobi su hangi mai tafiya a duhu. Busasshiyar iskar cikin ɗaki tana sa fata da leɓe su tsage, man shafawa yana da amfani kamar a lokacin hunturun gida.

A ƙarshen watan Yuni al'amarin yakan juye. Rana tana fitowa kafin ƙarfe huɗu na asuba, ba ta faɗuwa sai wajen sha ɗaya saura kwata na dare, kuma ko bayan faɗuwarta sararin sama ba ya yin duhu sosai. Zafin watan Yuli yakan kai digiri 20 zuwa sama kaɗan da rana, da ruwan sama jefi-jefi. Daga Mayu zuwa Agusta ne lokacin da ya fi sauƙi ga wanda bai taɓa zuwa ba. Agogon Oslo daidai yake da na Najeriya da Nijar a lokacin sanyi, amma daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba yana gaba da awa ɗaya.

Salla da abinci

Wannan sauyin haske ya fi shafar musulmi. A watan Disamba azahar da la'asar da magariba suna zuwa a jere cikin 'yan awanni, wanda ya shiga gidan tarihi bayan azahar yana iya fitowa ya tarar magariba ta wuce. A tsakiyar shekara kuwa shafaƙi ba ya ɓacewa, ta yadda ba a iya gane lokacin lisha da na asuba da ido, shi ya sa masallatan birnin suke fitar da jadawali bisa lissafi, kuma abin da ya fi wa baƙo kwanciyar hankali shi ne ya bi jadawalin masallacin da ke kusa da masaukinsa. Alƙibla tana kudu maso gabas. Manyan masallatai sun fi yawa a unguwar Grønland da kewayenta, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga Oslo S, ciki har da Islamic Cultural Centre, wanda aka kafa a shekarar 1974. A nan ne kuma, da unguwar Tøyen, ake samun mahautan halal, da gidajen abincin Pakistan da Somaliya da Turkiyya masu sauƙin farashi, da shagunan kayan miya. A manyan kantuna, kalmomin svin da skinke a jikin kwali suna nufin naman alade. Kifi yana da yawa kuma mai kyau ne. Ruwan famfo, wanda mafi yawansa ke zuwa daga tafkin Maridalsvannet, tsaftatacce ne, ba sai an sayi na gora ba.

Kuɗi da zirga-zirga

Kuɗin ƙasar shi ne kurona, ba a amfani da yuro. Kusan duk ciniki da katin banki ake yin sa, har sayen kofin shayi ko shiga banɗakin tasha, saboda haka wajibi ne matafiyi ya tabbatar tun daga gida cewa katinsa yana aiki a ƙasashen waje. Oslo na cikin biranen Turai mafi tsada, musamman cin abinci a waje. Manyan kantuna suna rufe ranar Lahadi, sai ƙananan shaguna kawai.

Hukumar Ruter ce ke kula da bas, da jirgin ƙasa na kan titi, da na ƙarƙashin ƙasa mai layi biyar da ake kira T-bane, da jiragen ruwan da ke zuwa tsibiran da ke kusa, kuma tikiti ɗaya ne ke aiki a kansu duka, na tsawon awa ɗaya a cikin gari. An fi sayensa ta manhajar waya kafin a shiga. Babu shinge a tashoshi, amma masu bincike suna hawa ba zato, tarar kuwa tana da nauyi. Motoci suna tsaya wa mai tsallaka titi a wurin da aka zana, amma jirgin kan titi shi ake ba hanya, kuma yawancin sababbin motoci masu lantarki ne, ba a cika jin ƙararsu ba.

Soket ɗin wutar ƙasar mai rami biyu ne zagayayyu, da ƙarfin bolt 230, don haka caja mai ƙafa uku irin ta Najeriya tana buƙatar mahaɗi. Lambobin gaggawa su ne 110 don gobara, 112 don 'yan sanda, 113 don motar asibiti, sai 116 117 don ganin likita bayan an tashi aiki. Mafi yawan mutane suna jin Ingilishi, suna mutunta lokaci ƙwarai, kuma ana cire takalmi a bakin ƙofa idan an shiga gidan mutum.

Tsakiyar birnin ƙarama ce, ana iya zaga ta a ƙafa. Titin Karl Johan ya miƙe daga Oslo S, ya wuce majalisar dokoki, ya ƙare a fadar sarki. A bakin ruwa akwai gidan wasannin opera da aka buɗe a 2008, wanda kowa ke iya hawa rufinsa kyauta, da kuma zauren birnin, inda ake miƙa kyautar Nobel ta zaman lafiya ranar 10 ga Disambar kowace shekara. Lambun Vigeland, mai sassaƙe-sassaƙe sama da 200, shi ma kyauta ne, sai dai yawancin siffofin na mutane ne babu tufafi, abin da mai tafiya da iyali zai so ya sani tun kafin ya je. Layi na ɗaya na T-bane yana hawa tsauni ya wuce unguwar Holmenkollen har tashar Frognerseteren, inda ake hango birnin da mashigin tekun gaba ɗaya daga bakin daji.