Shin irin braket ne ke gajarta lokacin gyaran jerin haƙora?

Duk wanda likita ya ba shi shawarar sanya ƙarfen gyaran jerin haƙora, abin da yake fara tambaya shi ne tsawon lokacin da zai yi da shi a baki. Kamfanonin da ke ƙera kayan sun san da wannan damuwa, shi ya sa ake tallata wasu nau'o'in braket, wato ƙananan maɓallan da ake manna wa kowane haƙori don su riƙe waya, da alƙawarin rage watanni masu yawa. Ya kamata majiyyaci ya san iyakar gaskiyar wannan alƙawari kafin ya yanke shawara.

Ba a musun cewa ƙirar braket ta sauya wannan fanni. A shekarar 1928 likitan haƙori ɗan Amurka, Edward Angle, ya fito da braket mai tsagi mai kusurwa huɗu inda waya ke shiga, wanda ya ba da damar sarrafa haƙori har da saiwarsa, sai dai dole likita ya lanƙwasa waya da hannu domin kowane haƙori. A shekarun 1970 Lawrence Andrews ya gina kusurwar da ta dace da kowane haƙori a jikin braket ɗin kansa, lanƙwasa waya ta ragu ƙwarai. Amma wannan sauƙi ya zo da sharaɗi: idan aka manna braket a karkace, haƙorin ma a karkace zai tsaya, kuma sai an cire an sake mannawa, abin da kan ƙara ziyarce-ziyarce a ƙarshen aiki.

Inda aka fi kambama magana shi ne braket mai kulle kansa. A braket na gargajiya ana ɗaure waya da ƙaramar roba ko siririyar waya, shi kuwa wannan yana da ɗan murfi da ake rufewa a kan wayar. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun shekarun 1930 take, ko da yake sai a shekarun 1990 ta yi tashe da fitowar wani samfurinsa mai suna Damon. Hujjar masu tallata shi ita ce, tunda babu robar da ke matse waya, gogayya ta ragu, haƙora za su zame da sauri. A ɗakin gwaje-gwaje gogayyar tana raguwa kam, amma da aka kwatanta majiyyata ta hanyar rarraba su bisa ƙuri'a, ba a sami bambanci na a zo a gani ba a jimillar watannin magani. Dalili kuwa shi ne, da zarar haƙori ya ɗan kishingiɗa yayin tafiyarsa, wayar tana cije gefen tsagin braket, kuma wannan cizo shi ne babban abin da ke tare motsi, ko da roba aka ɗaure ko da murfi. Ribar da ta tabbata ita ce 'yan mintocin da ake ragewa wajen sauya waya a kowace ziyara.

Sauran bambance-bambancen ma haka suke. Faɗin tsagi, inci 0.018 ko 0.022, ya fi danganta da abin da likita ya saba aiki da shi. Braket na tangaran mai launin haƙori da wanda ake mannawa ta bayan haƙora don kyan gani ake zaɓarsu, ba don sauri ba, kuma na tangaran ya fi saurin karyewa.

Abin da ke ƙayyade sauri na haƙiƙa yana cikin ƙashin muƙamuƙi. Idan waya ta tura haƙori, ƙashin da ke gabansa yana narkewa sannu a hankali, wani sabo yana ginuwa a bayansa, kuma wajen rufe giɓi wannan aiki ba ya cika wuce kimanin milimita 1 a wata. Ƙara ƙarfi ba ya hanzarta shi. Matsi mai tsanani yana toshe jinin da ke ciyar da wurin, motsi ya tsaya na wani lokaci, saiwar haƙori ma tana iya gajarta. Shi ya sa cikakken magani kan ɗauki kimanin wata 20 a matsakaici, wasu ƙasa da haka, wasu fiye da shekara 2, musamman idan an cire haƙora ko akwai fiƙar da ta maƙale cikin ƙashi.

Rawar da majiyyaci ke takawa a nan ba ƙarama ba ce. Braket ɗin da ya ɓalle saboda tauna abu mai tauri, ranar ganin likita da aka tsallake, robar da aka ce a riƙa maƙalawa tsakanin haƙoran sama da na ƙasa aka yi watsi da ita, da dasashin da ya kumbura don rashin goge baki, kowannensu yana ƙara makonni. Saboda haka, a ganawar farko, a tambayi likita wata nawa ya ƙiyasta bisa yanayin haƙoran mutum, ko za a cire haƙori, da kuma irin abin riƙe haƙora da za a sanya bayan an cire ƙarfen, domin idan ba a sanya shi ba haƙora sukan fara komawa mazauninsu na da.