Kampfgruppe Ba Runduna Ce Mai Adadi Ɗaya Ba

Masu karanta tarihin Yaƙin Duniya na Biyu sun daɗe suna ɗaukar Kampfgruppe (kalmar Jamusanci mai nufin rukunin yaƙi) ta sojojin ƙasa na Jamus tamkar bataliya, mai ƙayyadadden yawan dakaru da mazauni na dindindin. Sam ba haka take ba.

Haɗin wucin gadi ce. Idan aiki ya taso, sai a tsakuro tankoki daga nan, sojojin ƙafa da manyan bindigogi daga can, a ƙara injiniyoyin gada, a damƙa wa hafsa guda. Galibi da sunansa ake kiranta. Aiki na ƙarewa, kowa ya koma rundunarsa. Wata 'yan ɗaruruwa ce, wata dubbai.

Inda take yawan tuntuɓe shi ne guzuri, domin ta dogara da uwar runduna wajen samun man fetur da harsashi. Kampfgruppe Peiper, mai sunan kwamandanta Joachim Peiper, wadda ta kashe fursunonin yaƙi Amurkawa kusa da Malmedy a Beljiyam ranar 17 ga Disamba 1944, man fetur ya yanke mata a ƙauyen La Gleize. Mutanenta suka bar tankokinsu suka tsere da ƙafa.

A sojin sama kuwa, kalmar tana nufin tsayayyen rukunin jiragen jefa bama-bamai, abin da ke ƙara rikita mutane.