Rage tarkacen gida a ƙasar Hausa

Rage tarkacen gida shi ne ware kayan da suka taru ba a amfani da su, a fitar da su ta hanyar sayarwa, kyauta, sadaka ko zubarwa. An fi yin sa gab da sallah, ko lokacin tashi daga gida, ko idan za a yi wa amarya jere ana neman wuri.

Abin da ake fara dubawa shi ne mai kayan. Kayan ɗaki mallakar mace ne, iyayenta da danginta suka yi mata, miji ba shi da ikon sayar da ko cokali sai da yardarta. Jeren kwanukan samira da tangaran da baƙo zai ɗauka cunkoso ne, a wurin mai ɗakin ajiya ce: ranar da rashin lafiya ko bikin ɗiya ya taso, su za a ɗaga a sayar. Shi ya sa tsofaffi ba sa saurin rabuwa da su, kuma suna da hujja. Kayan mamaci kuwa na magada ne. Ba a kyautar da ko tsohuwar rigarsa sai an raba gado, ko duk magadan sun amince.

Tsohuwar hanyar sayarwa ita ce dillaliya. Takan shiga gida-gida da ƙunshi a ka, ta zauna a tsakar gida ta kwance shi: ga zannuwan da aka ɗaura sau ɗaya ko biyu, ga 'yan kunne, ga kwano da murfinsa. In an daidaita, ta kai wa mai kaya kuɗinta ta cire la'ada. Babban amfaninta rufin asiri, domin mai saye ba ta sanin ɗakin da kayan suka fito. Yanzu WhatsApp da Facebook sun karɓi wani ɓangare na wannan ciniki, musamman na kujeru, gado da firji.

Abin da ya lalace ya zama rabon 'yan gwangwan, waɗanda ake kira 'yan jari-bola. Suna zagaya unguwa da kura da sikeli, suna sayen ƙarfe, alminiyam, jan ƙarfe da fasasshen roba a kan kilo, kuma jan ƙarfe ne ya fi tsada. Daga hannunsu kayan kan wuce kasuwanni irin su Panteka a Kaduna da Katako a Yamai, inda ake narkar da alminiyam a zuba tukwane da ludaya, a yanka tsohuwar ganga a ƙera murhu ko akwati. Sana'ar jari-bola ba ta rasa zargi ba; a 2023 gwamnatin Borno ta haramta tsintar ƙarafa a jihar saboda matsalar tsaro da satar kayan gwamnati.

Tufafi masu sauran kyau kan tafi ga dangi, almajirai, gidajen marayu da sansanonin 'yan gudun hijira. Malamai kan kafa hujja da aya ta 267 ta Suratul Baƙara, wadda ta hana mutum ya zaɓi mummunan abin da shi kansa ba zai karɓa ba ya bayar. Yagaggiyar riga gara a mayar da ita tsumman goge-goge.

Takardu na da nasu hukuncin. Tsohon Alƙur'ani da littattafan makaranta masu ayoyi ko sunan Allah ba a kai su bola. Ƙona su ake yi a wuri mai tsabta, ko a binne inda ba a takawa. Maganin da wa'adinsa ya ƙare da tsofaffin batura ba a barin su inda yara za su tsinta. Sauran shara da wasu ke turawa cikin kwata, ita ce ke toshe magudanan ruwa, ta jawo ambaliya cikin unguwa da damina.