Ma'anar "fomat": shimfiɗa tsari ne, ba gogewa ba

Tun da maganar motocin lantarki ta cika intanet, kalmar "fomat" ta sake samun kasuwa. Mai sharhin motoci zai ce ka nemi filash ka yi masa fomat kafin kyamarar motar ta fara ɗauka. Mai gyaran waya zai ce wannan sai fomat. Har a ba'a ma, idan mutum ya manta bashin da ake binsa, sai a ce an yi wa ƙwaƙwalwarsa fomat. Yawancinsu abu guda suke nufi, wato gogewa. To idan fomat gogewa ce, me za a goge a filash sabo fil, wanda yanzu aka ɓare shi daga kwali?

Asalin kalmar daga Latin yake, forma, ma'ana siffa. Masu buga littattafai a Turai suka ɗauke ta suna nufin girman littafi da yadda aka naɗe takardarsa. Babu ko ƙanshin gogewa a ciki. Da masu kwamfuta suka ari kalmar, siffar dai suke nufi. Ka ɗauki littafin rubutu marar layi. Ka ja masa layuka, ka sa wa shafuka lamba, ka ware shafukan farko domin jerin abin da ke ciki da inda kowane abu yake. Wannan aikin shi ne fomat. Ɓacewar tsofaffin abubuwa rakiya kawai ta yi, saboda sabon jerin da aka rubuta bai san da su ba.

Salon jan layin kuma ba ɗaya ba ne, a nan motar ta shigo. Tesla, kamfanin ƙera motocin lantarki, ta ƙara wa motocinta ɗaukar bidiyon hanya a 2018, sannan a 2019 ta kawo tsarin gadi, wanda kyamarori ke sa ido a kan motar tana ajiye. Duka biyun a filash suke zuba abin da suka ɗauka. Motar tana karanta salon jan layi da ake kira exFAT da FAT32 da ext3 da ext4, amma ba ta karanta NTFS, wanda shi ne tsarin da Windows ke amfani da shi a cikin kwamfuta tun zamanin Windows NT a 1993. Shi ya sa filash zai buɗe lafiya lau a kwamfuta, a soka a mota ta yi kamar ba ta gan shi ba. Ba lalacewa ya yi ba, an ja masa layi ne da salon da motar ba ta iya karantawa. Bayan haka tana neman folda mai suna TeslaCam a farkon filash ɗin, ba a cikin wata folda ba. Mafi sauƙi ma shi ne a bar motar ta yi abin da kanta daga allonta, ta zaɓi tsarin, ta ƙirƙiri foldar.

Akwai wani abin dariya game da FAT32 da ba na gajiya da faɗarsa. Tesla na ba da shawarar filash mai aƙalla giga 64. A farkon zamani, kafin motar ta karɓi exFAT, mai Windows da ya zo yin FAT32 sai ya tarar zaɓin ya ɓace idan filash ya wuce giga 32. Mutane suka ɗauka iyakar FAT32 ke nan, har yau ana maimaita wannan da cikakken ƙarfin gwiwa. Alhali tsarin yana ɗaukar har tera 2, wato kimanin giga dubu biyu. Dave Plummer, tsohon injiniyan Microsoft da ya rubuta ɗan allon fomat na Windows a 1994, ya faɗa da bakinsa cewa shi ya zaɓi lambar 32 haka kawai, yana ganin allon na wucin gadi ne da za a sauya. Aka shekara kusan talatin ba a taɓa shi ba. Iyakar gaskiya ta FAT32 ita ce fayil ɗaya ba zai wuce giga 4 ba, wannan kuwa bai dami motar ba, tunda gutsi-gutsi take yanka bidiyonta, kowane kamar minti ɗaya. Yanzu dai exFAT, wanda Microsoft ta fitar a 2006, ya raba gardama, kuma shi zan ce a zaɓa.

Wani kuskuren kuma ya fi ci mini rai: ɗaukar fomat a matsayin maganin kowace cuta. Motar ta yi gargaɗin filash ya yi sanyin rubutu, sai a ce yi masa fomat. Ya sake, a sake. Jan sabon layi ba ya sa hannun marubuci sauri. Abin da Tesla ke nema shi ne filash mai iya rubuta aƙalla mega 4 a kowace daƙiƙa ba tare da ya ja numfashi ba. Ƙatuwar lambar da ake bugawa a kwali galibi saurin karatu ce, ko saurin ɗan lokaci kafin filash ya ɗau zafi ya rage gudu. Kuma ƙwayoyin ajiyar filash suna da adadin rubutun da suke iya jurewa kafin su gaji. Filash na ɗaukar takardu daga wannan kwamfuta zuwa waccan ba a ƙera shi don kyamarori da yawa su riƙa rubutu a kansa lokaci ɗaya ba, suna shafe tsoho suna ɗora sabo, a cikin motar da ta sha rana. Wanda ya dace shi ne katin memori da aka ƙera musamman domin kyamarar tsaro, ko ƙaramin SSD, wato ma'ajiyar bayanai irin ta kwamfuta. Idan filash ya gaji, ko fomat ɗari aka yi masa, gajiyayye ne.

Mu koma kan gogewar, domin a nan rashin fahimtar ke da haɗari. Fomat na gaggawa, wanda kusan kowa ke yi, jerin shafukan farko kawai yake sauyawa. Rubutun yana nan daram a sauran shafukan har sai an ɗora wani a kansa, kuma manhajojin dawo da fayil suna iya tono da yawa daga ciki. Wanda ya yi fomat bisa kuskure bayan haɗari, ya zare filash ɗin nan take kada motar ta rubuta komai a kai, akwai yiwuwar bidiyon ya dawo. Wanda kuma zai ba wani tsohon filash ɗinsa, ya sani yana iya miƙa masa hanyar da yake bi kullum, da ƙofar gidansa, da fuskokin masu shiga motarsa. Mai irin wannan niyya ya cire alamar gaggawar a allon fomat na Windows ya yi cikakken fomat, wanda tun daga Windows Vista yake bin filash ɗin gaba ɗaya yana rubuta sifili a kan komai. Zai ɗau lokaci, sai a jira shi ya gama.