Waiwaye: Sabon Filin Wasa, Wa Ke Biya Kuma Wa Ke Da Ta Cewa?

A watan Maris na 2025 Manchester United ta fito da zanen sabon filin wasa mai cin mutum 100,000 da take son ginawa dab da Old Trafford, a kan kuɗi kimanin fam biliyan 2. Kafin gari ya waye magoya baya sun rabu. Wasu sun yaba, wasu sun ce rufin ya fi kama da tanti. Tambayar da ta fi yawo kuwa ta aljihu ce: kulob ɗin da bashi ya yi wa katutu tun da iyalan Glazer suka saye shi a 2005, ina zai samo kuɗin, kuma nawa tikiti zai koma? Wannan gardama ta haura shekara talatin ana yin ta, kuma tushenta jini ne.

A shekarun 1980 yawancin filayen Ingila tsofaffi ne. An buɗe Goodison Park na Everton a 1892, Highbury na Arsenal a 1913. Talaka yakan tsaya a matattakalar siminti bayan raga, kafaɗa da kafaɗa, da ɗan kuɗi kaɗan. A watan Mayun 1985 gobara ta cinye rumfar katako a filin Bradford City, mutum 56 suka rasu. Ranar 15 ga Afrilun 1989 turmutsutsu ya auku a filin wasa na Hillsborough, wanda ya ci ran magoya bayan Liverpool 97. Rahoton Mai Shari'a Taylor na Janairun 1990 ya ce a daina tsayuwa, gwamnati kuma ta ba ƙungiyoyin manyan rukunoni biyu wa'adi zuwa Agustan 1994 su sa kujeru ko'ina. Taylor ya yi fatan za a tsara farashin yadda mai tsayuwa zai iya biyan kujera. Ba haka abin ya kasance ba. Kujera ta fi tsayuwa cin wuri, gini na son kuɗi, sai idon shugabannin kulob ya koma kan wanda ya fi kusa.

A 1991 Arsenal da West Ham suka ɓullo da wata dabara. Arsenal ta ce mai son wuri a sabuwar rumfar arewa ya sayi takardar lamuni ta fam 1,100 ko 1,500. West Ham ta sa tata daga fam 500 zuwa 975. Abin da mutum zai samu shi ne damar sayen tikitin kakar wasa, ba tikitin ba. Wato ka biya kafin a yarda ka biya. Mutumin da ya shekara ashirin yana tsayuwa wuri guda, ya gaji wurin daga mahaifinsa, aka wayi gari ana ce masa ya kawo albashin wata ko ya matsa. Magoya bayan West Ham suka riƙa kutsawa cikin fili suna zaman dirshan, takardun da aka sayar ba su kai 1,000 ba, kulob ɗin kuma ya faɗi zuwa rukuni na ƙasa a 1992.

Daga nan aka koyi ɗaukar kuɗin ta hanyar da ba ta fiye ciwo nan take ba: bashin banki, ɗakunan alfarma na masu hannu da shuni, da sayar da sunan fili. Arsenal ta bar Highbury mai cin mutum 38,000 a 2006 ta koma fili mai cin 60,000 da ya laƙume fam miliyan 390, bayan ta ƙulla yarjejeniyar kusan fam miliyan 100 da kamfanin jiragen Emirates. Ginin ya yi kyau. Amma daga 2005 zuwa 2014 babu kofi ko ɗaya, tauraron ɗan wasanta Henry ya tafi, Fabregas da Van Persie suka bi, tikiti kuma ya shiga sahun mafi tsada a Turai. Har yau magoya bayan wasu ƙungiyoyi da Arsenal suke kafa hujja idan an ce musu za a ci bashi. Valencia ta fi zama abin tsoro: ta fara gina sabon filinta na Mestalla a 2007, kuɗi suka ƙare a 2009, kangon siminti ya yi ta shan rana har sai 2025 aka koma aiki.

Batun zane kuwa, abin da magoya baya ke nema bai taɓa canzawa ba: a kusanto da su ciyawa, rumfa ta yi tsaye, rufi ya riƙe ƙara. Juventus ta gwada filin Delle Alpi da aka gina don gasar cin kofin duniya ta 1990, mai hanyar tsere tsakanin 'yan kallo da 'yan wasa. Mutane suka ƙaurace, aka rushe shi, a 2011 aka buɗe ƙarami mai cin kusan 41,000 a wurin. West Ham ba ta ɗauki darasi ba. A 2016 ta bar Upton Park ta kama hayar filin Olamfik na Landan a kan fam miliyan 2.5 a shekara, ciniki mai daɗi a takarda. A watan Maris na 2018, ana wasa da Burnley, wani ya tumɓuke tutar kusurwa ya ruga da ita tsakiyar fili, ɗaruruwa kuma suka taru ƙarƙashin inda masu kulob ke zaune suna ihu har aka fice da su. Tottenham, duk da ta kashe wajen fam biliyan 1, ta saurara: rumfarta ta kudu bene ɗaya ce mai cin 17,500, koyi da rumfar Dortmund inda kusan mutum 25,000 ke kallo a tsaye. Tsayuwar da aka hana a Ingila ma ta dawo a Janairun 2022, da ƙarfen dogaro a gaban kowane layi.

A ganina inda labarin ya fi armashi shi ne wuraren da magoya baya suka ce tunda kuɗin daga aljihunsu zai fito, to a ba su mallaka. A 2008 filin Union Berlin bai cika ƙa'ida ba, kulob kuma ba kuɗi. Sama da mutum 2,000 suka zo da shebur da baro, wasu suka ɗauki hutu daga wurin aiki, suka yi aikin sa'o'i 140,000 kyauta suna zuba kankare. A 2011 aka sayar musu da hannun jarin filin a kan Yuro 500 kowanne. Har yanzu sunansa na gado yake amsawa, kuma ɓangarori uku na tsayuwa ne. Magoya bayan AFC Wimbledon sun ranta wa ƙungiyarsu sama da fam miliyan 5 don kada a sayar da ita ga 'yan kasuwa, suka koma unguwar Plough Lane a 2020, shekara 29 da barinta. A Chelsea kuwa ƙungiyar magoya baya ce ke riƙe da ƙasar filin Stamford Bridge tun shekarun 1990. Da Abramovich, mai kulob ɗin a lokacin, duk dukiyarsa, ya nemi saye a 2011, kashi 61.6 ya samu, alhali kashi 75 ake bukata. Shiru kake ji.

Ba kullum ƙuri'a ke nufin iko ba. Mambobin Barcelona sun amince da cin bashin Yuro biliyan 1.5 a Disamban 2021, amma sharuɗɗan da aka ƙulla da bankunan Goldman Sachs da JP Morgan ba su suka rubuta ba, kuma sunan kamfanin Spotify ya hau kan filinsu na Camp Nou a 2022. Magoya bayan Everton ma a 2007 kashi 59 suka yarda a koma Kirkby, wajen birnin Liverpool. Gwamnati ce ta hana a 2009. Da aka sake lale, aka tuntuɓi jama'a kan filin bakin ruwa na Bramley-Moore, suka nemi rumfa mai tsayi bayan raga, aka yi musu. Sun shiga a 2025, kujeru sama da 52,000, a ƙofa kuma an rubuta Hill Dickinson, sunan wani kamfanin lauyoyi.