Kwanturolan jiha a Amurka: wane ne shi, kuma me yake riƙe da shi?

Duk wanda ke bin labaran Najeriya ya san kalmar kwanturola, amma da kakin soja-soja ya san ta: shugaban Kwastam, shugaban hukumar shige da fice, shugaban gidajen gyaran hali. A Amurka ba haka abin yake ba. Kwanturolan jiha ɗan farar hula ne, ba ya tsare iyaka, ba ya kama kowa. Aikinsa ya tsaya ne a bakin baitulmalin jiha, ya duba kuɗin da zai fita kafin ya fita, ya kuma bi sawun wanda ya riga ya fita. A jihohi da dama talakawa ne ke zaɓensa da ƙuri'a, kamar yadda suke zaɓen gwamna. Wannan shi ne babban abin da ya bambanta shi da Akanta Janar ko Odita Janar na jihohinmu, waɗanda gwamna ke naɗawa. A can, mai duba littafin gwamna ba gwamna ne ya ba shi kujera ba, kuma ba ya iya tashinsa daga kanta.

Ba kowace jiha ce ke da tsari iri ɗaya ba. California da Illinois suna da kwanturola, suna kuma da ma'aji daban. Texas ta soke kujerar ma'aji a 1996 ta haɗe aikin a hannun kwanturola, wanda shi ne kuma mai karɓar haraji, shi ne mai faɗa wa majalisa yawan kuɗin da za ta iya kashewa. A Maryland ma haraji na hannunsa. Amma inda kujerar ta fi nauyi, kuma inda aka fi ganin alheri da sharrinta a fili, ita ce jihar New York. Don haka da ita za mu yi bayani, da kuma mutumin da ke kanta tun 2007, Thomas DiNapoli.

An kafa ofishin a New York tun 1797. Wa'adinsa shekara huɗu ne, kuma babu iyakar yawan tazarce. Kundin tsarin mulkin jihar ya yi magana kai tsaye: duk kuɗin jiha da aka biya ba tare da kwanturola ya duba ba, biyan ya ɓaci, kamar ba a yi ba. Daga wannan jimla ce sauran ikonsa ke tsirowa. Ofishinsa ne ke biyan albashin ma'aikatan jiha. Shi ne ke riƙe da littafin shiga da fita. Idan wata ma'aikata ta ba da kwangilar da ta wuce wani adadi, wanda ga yawancin ma'aikatu dala 50,000 ne, takardar ba ta zama kwangila sai ta bi ta teburinsa. Ma'aikatansa za su tambaya: an tallata aikin? Kamfani nawa suka nema? Me ya sa aka tsallake wanda ya fi sauƙin farashi? Wanda aka ba wa, yana da tabo a baya? Idan amsa ba ta gamsar ba, sai a mayar da fayil.

Ikonsa bai tsaya a Albany, babban birnin jihar ba. Yana iya aika masu binciken kuɗi zuwa ƙananan hukumomi, garuruwa, hukumomin kashe gobara, da gundumomin makarantu kusan 700. Abin da ya faru a garin Roslyn ya nuna dalili. A 2004 ne ya fito fili cewa shugabannin makarantun gwamnati na wannan gari na masu hali sun daɗe suna wawure kuɗin makaranta, kuma binciken ofishin kwanturola a 2005 ya kai adadin dala miliyan 11.2. Gidaje, motoci, tafiye-tafiye, duk da kuɗin 'yan makaranta. Bayan haka ne majalisa ta yi doka cewa sai kwanturola ya binciki kowace gundumar makaranta a jihar.

Akwai kuma wani aikin da talaka ya fi sani. Idan mutum ya manta da asusun banki, ko ya mutu ya bar cakin da ba a karɓa ba, ko kuɗin inshora da magada ba su san da shi ba, bayan wasu shekaru doka ta tilasta wa banki ko kamfani ya miƙa kuɗin ga kwanturola. Shi kuma ya ajiye har mai shi ya zo, komai daɗewa. Abin da ya taru ya haura dala biliyan 18, kuma ofishin na mayar da fiye da dala miliyan ɗaya ga masu shi a kowace rana. Mutum ya shiga intanet ya rubuta sunansa kawai, ya ga ko yana da rabo.

Yana da kyau a san abin da ba ya iya yi. Ba shi ke rubuta kasafin kuɗi ba. Wannan tsakanin gwamna da majalisa ne. Ba ya gurfanar da kowa. Idan ya gano sata, sai ya miƙa wa masu gabatar da ƙara. Rahoton bincikensa ma sau da yawa shawara ce, wanda aka bincika na iya cewa ya ji ya kuma ci gaba da abinsa. Makaminsa biyu ne: riƙe sa hannu, da fallasa.

Sai babban kaya, wato asusun fansho. Kwanturolan New York shi kaɗai ne amintaccen asusun fanshon ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi, ciki har da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Mutum fiye da miliyan ɗaya ne ke da haƙƙi a ciki, masu aiki da masu ritaya da magadansu, kuma a ƙarshen Maris na 2024 darajarsa ta kai kusan dala biliyan 268. A yawancin jihohi kwamiti ne ke yanke shawarar inda za a zuba irin wannan kuɗi. A New York mutum ɗaya ne. Yana da ƙwararru da kwamitocin ba da shawara, amma magana ta ƙarshe tasa ce. Uwar adashi ce ta mutum miliyan, kuma akwatin a ɗakinta yake kwana.

Masu goyon bayan wannan tsari na cewa idan abu ya lalace an san wanda za a kama, babu fakewa da "kwamiti ne ya yanke". Masu suka na cewa ka tara wa mutum ɗaya jarabawar da ta fi ƙarfin yawancin mutane. Tarihin Alan Hevesi ya ba masu suka hujja mai ƙarfi.

Hevesi ya yi shekara 22 a majalisar dokokin jiha, daga 1971 zuwa 1993, sannan ya zama kwanturolan birnin New York, sannan na jiha a 2003. Shi ne ma ya fito da rahoton Roslyn. A 2006 aka gano ya sa ma'aikacin gwamnati ya riƙa tuƙa matarsa ba tare da ya biya jiha ba. Duk da haka ya ci zaɓe a watan Nuwamba, amma a Disamba ya amsa laifi ya ajiye aiki. Ashe wannan somin taɓi ne. Binciken da Antoni Janar na jihar a lokacin, Andrew Cuomo, ya yi ya tono cewa a zamaninsa duk kamfanin da ke son a zuba masa kuɗin fansho sai ya bi ta hannun 'yan kamasho na kusa da shi. Mai ba shi shawara kan siyasa, Hank Morris, ya kwashi kimanin dala miliyan 19 ta wannan hanya. Hevesi da kansa ya amsa a 2010 cewa ya amfana da kusan dala miliyan ɗaya, tsakanin gudummawar yaƙin neman zaɓe da tafiye-tafiye zuwa Isra'ila da Italiya, daga wani ɗan kasuwa da aka zuba wa kamfaninsa dala miliyan 250. A 2011 aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya zuwa huɗu. Mai gadin rumbu ne aka kama da buɗe ƙofar baya.

A kan wannan kujera mai zafi DiNapoli ya zauna, kuma yadda ya hau ta ma sai da aka yi rigima. An haife shi a 1954 a yankin Long Island. Yana ɗan shekara 18, a 1972, aka zaɓe shi cikin hukumar makarantun garin Mineola, ya yi shekara goma a can. Tarihi ya karanta a Jami'ar Hofstra, ba lissafin kuɗi ba. A 1986 ya ci kujerar majalisar wakilai ta jiha daga gundumar Nassau a jam'iyyar Democrat, ya yi shekara 20, inda aka fi saninsa da shugabancin kwamitin muhalli. A 2001 ya nemi shugabancin gundumar Nassau ya faɗi tun a zaɓen fidda gwani, a hannun Tom Suozzi.

Doka ta ce idan kujerar kwanturola ta zama babu kowa a tsakiyar wa'adi, majalisun jiha biyu ne za su haɗu su cike gurbin. Sabon gwamna Eliot Spitzer, wanda ya shigo da zafin gyara, ya sa aka kafa kwamitin tsofaffin kwanturololi uku don tantance masu nema. Kwamitin ya fito da sunaye uku, babu ɗan majalisa ko ɗaya. 'Yan majalisa suka ga an raina su. Ranar 7 ga Fabrairu, 2007, suka yi watsi da jerin suka zaɓi nasu, DiNapoli, da ƙuri'a 150 da 56. Spitzer ya fusata, ya riƙa caccakar su a bainar jama'a, jaridu kuma suka ce 'yan majalisa sun ba abokinsu makullin taska.

Sukar tana da tushe. Wanda ya yi shekara 20 yana cin tuwo da mutane, ta yaya zai dawo ya ƙirga musu lomarsu? Amma ni a ganina akwai abin da masu sukar suka tsallake. Aikin kwanturola ba na buga lissafi ba ne. Akwai akantoci da lauyoyi da yawa a ofishin masu yin wannan. Nasa shi ne ya san inda ake ɓoye abu a cikin kasafin kuɗi, ya san wace doka ce ta ba shi dama, ya kuma iya jure fushin gwamna. Tsohon ɗan majalisa ya san waɗannan hanyoyi domin ta cikinsu ya bi. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne cewa kwanturololin New York uku a jere daga majalisa suka fito. Kafin Hevesi akwai Carl McCall, tsohon sanatan jiha, wanda shi ma majalisa ce ta fara ɗora shi a 1993, sannan ya ci zaɓe a 1994, baƙar fata na farko da ya riƙe kujerar. Hanya ɗaya ce ta haifi McCall da Hevesi da DiNapoli, don haka ba hanyar ce ke yanke hukunci kan halin mutum ba.

DiNapoli bai daɗe da zama ba kasuwannin duniya suka rushe a 2008, asusun fansho ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na darajarsa a shekara guda. A 2009 ya haramta wa 'yan kamasho shiga tsakani a harkar zuba jarin asusun. A 2010 ya sha da ƙyar a hannun Harry Wilson na jam'iyyar Republican, masanin harkar kuɗi, da tazarar da ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Daga nan ya sake cin zaɓe a 2014, 2018 da 2022. Spitzer da ya yaƙe shi ya sauka cikin abin kunya a 2008, Cuomo ma, wanda ya zama gwamna daga baya, ya yi murabus a 2021, shi kuma yana nan.

Idan ana so a ga aikin daga kusa, a duba wata lamba guda da ba ta shiga kanun labarai: hasashen ribar da asusun fansho zai riƙa samu a shekara. Idan kwanturola ya ce asusun zai riƙa cin ribar kashi 8, to gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi za su zuba kaɗan yanzu, bisa fatan kasuwa za ta cike sauran. Kowa ya ji daɗi, gwamna ya samu rarar kuɗin yin ayyuka, magajin gari bai ƙara haraji ba. Idan ribar ba ta zo ba, bashin ya faɗa kan waɗanda ke makarantar firamare yau. DiNapoli ya tarar da lambar a kashi 8. Ya rage ta zuwa 7.5 a 2010, zuwa 7 a 2015, zuwa 6.8 a 2019, sannan 5.9 a 2021. Kowane ragi na matsa wa masu mulki su zuba fiye da abin da da za su zuba, kuma babu magajin garin da ke gode wa wanda ya aiko masa da irin wannan takarda. Jihohi irin su Illinois da New Jersey, waɗanda suka shafe shekaru suna ƙin zuba cikakken kasonsu, yau suna fama da gibin fansho mai girma. Asusun New York na cikin waɗanda suka fi cika a ƙasar.

Ba a rasa masu ƙorafi a kansa ba. Wasu na ganin ya cika sanyi, rahotanninsa ba sa cizo. Masu fafutukar muhalli sun daɗe suna matsa masa ya janye kuɗin fansho daga kamfanonin mai, ya yi ta jan ƙafa, sai a Disamba 2020 ya sanar da shirin kai jarin asusun matakin da ba ya ƙara hayaƙi a sararin sama nan da 2040. Wasu kuma daga ɗaya ɓangaren suka ce ya sa siyasa cikin kuɗin tsofaffi.

Ikon ofishin ma ba a kafe yake ba, domin majalisa na iya rage shi. A 2011 da 2012 Gwamna Cuomo da 'yan majalisa suka cire wasu kwangiloli daga ƙarƙashin duban kwanturola, ciki har da na jami'o'in jiha, da hujjar cewa duban na jawo jinkiri. 'Yan shekaru bayan haka aka shiga shari'ar zargin murɗiya wajen rabon manyan kwangilolin raya birnin Buffalo, waɗanda aka bi da su ta wasu kamfanoni masu alaƙa da jami'ar jiha, inda idon kwanturola ba ya kaiwa. DiNapoli ya yi ta neman a dawo masa da ikon, kuma sai a ƙarshen Disamba 2022 Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu kan dokar da ta mayar da mafi yawansa.